Tsumman Baba Mai Zare

Shafi na 34

Masu turo mini saƙo kuna cewa Shiru ta cika sanyi, har haushi take ba ku, to ga ta yau. Ku gyara zama.

Bututu na tara ke nan Shiru tana gwadawa tun safe, kuma shi ma bai yi ba.

Kamfaninsu zaren roba yake yi na tace ruwa. Siriri ne kamar gashin doki, cikinsa rami, jikinsa cike da 'yan ƙofofin da ido ba ya gani. A ɗaure dubbansa a cikin bututu, a tura ruwa mai datti, ya fito garau. Ita ce mai tura ruwan a ɗakin gwaji, agogo a hannu. Yau sati uku da korar Babanta daga kan injin zaren, wai don ya rataya tsumma a jikin inji, kuma tun daga ranar ba a sake samun bututu ɗaya mai kyau ba.

Anti Mai Awo, shugabar ɗakin, ta leƙo ta saman tabarau.

"Yaya dai?"

"Bai yi ba, Anti."

"Toshewa ko yoyo?"

"Na ɗazu ya toshe. Wannan kuma shuɗin ruwan gwajin duk ya wuce, kamar an zuba a kwando."

"Madalla. Injiniya ya ƙera mana rariya. Gobe sai mu sauke allon kamfani mu rubuta a nan ake tankaɗe."

Shiru ba ta yi dariya ba. Anti ta tashi ta tura ƙofa, ta jingina da ita.

"Ajiye agogon nan ki zo. Akwai maganar da na jiyo a sama, in na riƙe ta cikina zai kumbura."

"Lafiya, Anti?"

"Ina fa lafiya. Yayan naki ya rubuta takarda. Wai Babanku ne ya zuba wa inji wani abu kafin ya tafi, don haushin kora. Wai shi ya sa zare ya lalace."

"Baba?"

"Baban dai da kika sani. Takardar tana kan teburin Hajiya mai kamfani. Tana sa hannu za a kai wa 'yan sanda, kafin azahar."

Agogon ya suɓuce daga hannun Shiru ya faɗi a kan tebur. Ba ta ma dube shi ba.

Injiniyan da ake magana, wato Yayan nata, ɗan ƙanin Baba ne. Yana ɗan shekara shida ubansa ya rasu, Baba ya ɗauko shi a kafaɗa ya kawo shi gida. Kwano ɗaya suka ci da shi. A lokacin Baba yana ɓangaren da ake yin zaren haske, sai ya riƙa kawo masa guntayen da aka zubar. Yaron ya haska tocila a baki ɗaya, haske ya fito a ɗaya bakin ko da an lanƙwasa zaren, ya yi ta tsalle yana kiran mutanen gida su zo su gani. Daga nan ya ce shi injiniya zai zama. Ya kuma zama. Shi ne ya sa hannu a takardar korar Baba.

"Ba ni sakamakon yau, Anti."

"Ki kai ina?"

"Sama."

"Ke? Ke da gaisuwa ma sai an kasa kunne kafin a ji ki?"

"Ba ni kawai."

Anti ta dube ta sama da ƙasa, ta miƙa mata takardun.

"To bari in ɗauko tabarauna na nesa. Wannan kallon ba zai wuce ni ba."

'Yan ɗakin gwaji ba sa bi ta zauren inji, doka ce. Yau Shiru ta bi, don ta nan ne kusa. Ƙarar inji ta cika wurin, ga warin narkakkiyar roba. Ta zo daidai injin da Baba ya yi shekara ashirin da biyu a kansa, sai ƙafarta ta tsaya da kanta.

Daga bakin injin zaren yake fitowa da laushinsa, ya ratsa iska kamar tsawon taƙi ɗaya, sannan ya faɗa kwarmin ruwa ya daskare. A wannan ɗan tsakanin Baba yake zagaya jiƙaƙƙen tsummansa. Yanzu babu tsumma. An kafa wani akwatin ƙarfe mai sheƙi, da ƙaramin bututu yana hura masa tururi.

Ta zagaya ta duba. A gefen hagu, ta wajen bango, akwai wani dogon tsagi a jikin akwatin, daidai shigar tafin hannu.

Ta daɗe tana kallon tsagin. Sannan ta hau bene da gudu.

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Sallama kawai ta yi ta tura ƙofar.

Hajiya mai kamfani tana zaune, biro a hannu, takarda a gabanta. Injiniya yana tsaye a gefenta cikin farar rigar aiki, yana nuna mata inda za ta sa hannu.

"Wace ce wannan?" in ji Hajiya.

"'Yar ɗakin gwaji ce, ranki ya daɗe," Injiniya ya yi saurin cewa. "Ke, ajiye takardun ki fita."

"Ba zan fita ba, Yaya."

"A nan wurin ba ni da ƙanwa. Injiniya za ki ce."

"A gida ma ai ka daina da ita. Yau sati uku ba ka tako ƙofarmu ba."

Hajiya ta ajiye biron.

"Ke 'yar wa ce?"

"'Yar mutumin da za ki aika wa 'yan sanda ce, Hajiya."

Ba ta sunkuyar da kai ba. Anti ta iso tana haki, ta laɓe a bakin ƙofa.

"Yarinya," in ji Hajiya, "na san zafin uba. Amma ni ma ina da nawa zafin. Sati uku ba mu fitar da kaya ba. Masu jiran matatun nan asibitoci ne da makarantu. Kafin Babanki ya tafi komai lafiya, yana tafiya komai ya lalace. Ke me za ki ce?"

"Haka ne, Hajiya. Yana tafiya komai ya lalace. Amma ba abin da ya zuba ba ne. Abin da aka cire ne."

"Me aka cire?"

"Tsummansa."

Injiniya ya yi wata 'yar dariya.

"Kin ji ko, ranki ya daɗe? Tsumma. Na yi shekara biyar ina karatun roba, na yi shekara biyu ina bincike a kan zaren nan, an ba ni takardar shaidar ƙirƙira daga hukuma, ga ta can a bango. Yau wadda ko sakandare ba ta shiga ba ta zo tana koya mana aiki da tsumma."

"Ban shiga ba, gaskiya ne. Kai ka shiga. Ka kuma san wanda ya riƙa raka ka bakin titi kullum yana riƙe maka jaka."

"Kada ki kawo mini maganar gida nan!"

"Kai ka fara kai 'yan sanda gida!"

Hajiya ta bugi tebur.

"Ya isa! Nan ba tsakar gidanku ba ne. Ke, yi mini bayanin tsumman nan a taƙaice. In shirme ne, ke ma yau za ki bi Babanki."

Shiru ta ajiye takardun gwajin a kan tebur.

"Da can zarenmu kamar na kowa yake, Hajiya. Ruwa yana wucewa a hankali. Shekara uku da suka wuce aka yi wata rana mai ruwan sama, rufi ya yi yoyo kusa da inji. Baba ya lura zaren ranar ya fi na kullum saurin tace ruwa, kuma datti bai wuce ba. Ya zo gida yana ta maganar, har Inna ta ce ya ishe ta. Ya ce laima ce take buɗe ƙofofin zaren kafin ya faɗa ruwa. Sai ya fara jiƙa tsumma da ruwan ɗumi yana zagaya wurin. Wata huɗu yana gwadawa. Ran da ya dace, ni na riƙe agogo a ɗakin gwaji. Ninki uku ruwan ya wuce."

"Ni na rubuta a littafi," in ji Anti daga bakin ƙofa. "Har na ɗauka agogon ne ya haukace."

"Wa ya kira ki?" Injiniya ya daka mata tsawa.

"Ƙafata ce ta kawo ni, Injiniya. Ba ta da takardar shaida, amma tana aiki."

"Ranki ya daɗe," ya juya wajen Hajiya, "sabon haɗin robar da na yi ne ya kawo wannan sakamakon. Tsumman ƙazanta ne kawai. Ni ban taɓa ko kallonsa ba sai ranar da na ce a cire."

"Ba ka taɓa kallonsa ba?" in ji Shiru.

"Ban taɓa ba."

"Ka rantse?"

"Ke wace ce da zan rantse miki?"

Ta taka zuwa bango, inda aka rataye takardar ƙirƙirar a cikin gilashi, da zane-zanenta a gefe. Ta ɗora yatsa a kan zane na huɗu.

"Wannan ne akwatin da ka kafa a ƙasa?"

"Shi ne. Akwatin laima. Ni na zana shi."

"Ashe ka san da laima. Yanzu ka ce haɗin roba ne."

"Duka biyun ne. Ba za ki gane ba."

"To wannan tsagin na gefen hagu, na mene ne?"

Ya dubi zanen.

"Na shan iska ne."

"Akwatin da aka yi don ya riƙe tururi, shi ne ka yi masa ƙofar shan iska?"

"Na duba zare ne. In mutum yana so ya leƙa."

"Ta wajen bango? Wa zai leƙa ta nan, ƙadangare?"

Anti ta toshe baki da mayafi.

"Hajiya," in ji Shiru, "don Allah ki sauko ƙasa. Minti biyar kawai. In na yi ƙarya ki sa hannu, ki haɗa da ni."

Hajiya ta dubi Injiniya. Goshinsa ya fara tsattsafo da gumi, alhali ɗakin da sanyi. Ta miƙe ta ɗauki takardar 'yan sandan ta naɗe a hannu.

"Mu je."

Ma'aikata suna ganin Hajiya a zauren inji kowa ya gyara tsayuwa. Aka rage ƙarar injin. Kafin ka ce me, an zagaye su.

"Yaya, sa hannunka a tsagin."

"Ba na wasa da yara."

"Sa," in ji Hajiya.

Ya matsa ya miƙa hannun dama. Bututun ruwan zafi ya tare masa gwiwar hannu. Ya karkace, ya sake gwadawa, kafaɗarsa ta bugi bango. Ya ɗago da jan ido.

"Wurin ya matse."

"Bai matse ba," in ji Shiru. "Gwada da hagu."

Bai motsa ba. Sai ita ta matsa, ta zura hannunta na hagu. Ya shige sumul har wuyan hannu.

"Baba bahago ne, Hajiya. Kowa a nan ya sani. In ya zagaya tsumman, sai ya bar tsagi ta hagu, don ta nan yake sa bayan hannunsa ya ji laimar. In rana ta yi zafi ya ƙara jiƙawa. In hadari ya haɗu ya ɗage gefe ɗaya. Sau goma, sau ashirin a yini. Tsumman ba shi ne aikin ba, hannun ne."

Ta zaro hannunta ta juya wajen Injiniya.

"Kai kuma ka zo ka tsaya a bayansa kana ce masa sannu Baba, kana aunawa da ido. Ka kwafe tsawo, ka kwafe faɗi, har tsagin ka kwafe, ba ka san na mene ne ba. Kamar ɗalibin da ya kwafi jarrabawa har da sunan mai ita!"

Wani daga cikin ma'aikata ya ce, "Kai!" Wani ya yi tsaki mai ƙarfi.

"Ƙarya take yi!" in ji Injiniya.

"Akwatinka tururi ɗaya yake hurawa safe da rana, shi ya sa yau toshewa gobe yoyo. Ka sani sarai. Da ka je ka durƙusa ka ce Baba na yi kuskure, wallahi da ya taso ya gyara maka, ko tambayar suna ba zai yi ba. Ka san halinsa. Amma ka gwammace a ɗaure shi."

"Ki iya bakinki!"

"Shekara nawa ina iya shi? Ka kore shi a gaban yaran da ya koya wa aiki, ka ce masa ƙazami, na iya bakina. Ya dawo gida da tsumman a aljihu, ya zauna a ƙofar ɗaki har yamma bai ce uffan ba, na iya bakina. Inna ta ce za ta je ta same ka, ya ce a bar yaro, aikinsa yake yi. Yaro! Har yau yaro yake ce maka. Ba don ƙazanta ka kore shi ba, Yaya. Don kada baƙi su zo ganin ƙirƙirarka su tarar da mai ita a tsaye ne!"

Hawaye suna zuba a fuskarta, ba ta share ba.

Hajiya ta dubi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya.

"Ku duk kun san da tsumman nan?"

Aka yi ta kallon ƙasa. Can wani dattijo mai kula da tukunyar roba ya ce, "Mun sani, ranki ya daɗe. Ba a tambaye mu ba ne."

"Ba a tambaye ku ba." Ta jinjina kai. "Shekara uku ina yawo da takarda ina cewa kamfanina ya yi abin da ba a taɓa yi ba, ashe ban ma san me aka yi ba. A kira mini direba. Ya je ya ɗauko Baba Mai Zare yanzu. Ya ce ni nake roƙo."

Ta juya ta hau bene. Ma'aikata suka watse suna ƙus-ƙus. Anti ta rungume Shiru.

"Ashe kina da baki haka? Shekara huɗu ina zaune da rediyo ban san inda ake kunnawa ba!"

Injiniya ya matso. Ya bari Anti ta ɗan ja baya, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Auta."

Sunan da ake kiranta da shi a gida ke nan. Rabon da ta ji shi a bakinsa har ta manta.

"Kada ka kira ni da shi."

"Ki hau ki ce wa Hajiya a bar maganar suna. Zan janye ta 'yan sanda, Baba ya dawo aikinsa, shi ke nan. Kowa ya huta."

"Sunansa zai hau takardar can ta bango."

"Don kanki nake faɗa miki."

"Da can da kake yi don kaina, me na samu?"

Ya dube ta na ɗan lokaci.

"To. Ke kika zaɓa."

Ya wuce ofishinsa ya rufe ƙofa.

Ba a yi rabin awa ba direba ya dawo. Baba ya shigo ofishin Hajiya da tsohuwar rigarsa ta zaman gida, hularsa a karkace, alamar a gaggauce ya fito. Ya rame a sati ukun nan. Ya cire takalmi a bakin ƙofa duk da ba a cirewa, zai durƙusa.

"A'a Baba, ga kujera," in ji Hajiya.

"Nan ma ya isa, ranki ya daɗe."

"Don Allah ka zauna."

Ya zauna a bakin kujerar. Ya dubi 'yarsa, ya ga idonta.

"Auta, me kika yi?"

"Magana na yi, Baba."

"Ke?"

"Ta yi kuwa," in ji Anti. "Har inji sai da ya yi shiru."

Hajiya ta warware takardar 'yan sandan ta ajiye a gabansa.

"Baba, an ce ka zuba wa injina wani abu."

Baba ya dubi takardar, duk da ba karatu yake yi ba. Ya daɗe kafin ya ɗago.

"Wa ya ce?"

Daidai nan Injiniya ya shigo da wata jakar takardu a hammata. Baba ya dube shi, ya gane.

"Kai ne, ɗana?"

Injiniya ya kau da kai.

"Injin nan," in ji Baba a hankali, "na fi sanin kukansa fiye da tarin matata. In zuba masa abu? To. Allah ya gani."

"Ni ma na gani yau," in ji Hajiya. "Ina so ka koma kan injinka. Ka gyara mini zare."

"Zan gyara, ranki ya daɗe. Ruwan da yara za su sha ba abin yin fushi da shi ba ne."

"Baba, tsaya," in ji Shiru. "Ba haka kawai ba."

"Auta."

"A'a Baba, yau kam a'a. Hajiya, a yaga waccan takardar a gaban ma'aikata, yadda aka kore shi a gabansu. Sannan waccan ta bango a sauke ta, a sa sunan mai aikin."

"Ni me zan yi da suna a bango?" in ji Baba.

"Ni ina so! Jikokinka suna so! Shekara ashirin da biyu kana shaƙar warin roba, hannunka duk tabon ƙuna, a ce abin da za a tuna ka da shi ƙazamin tsumma ne?"

Baba ya dubi bayan hannunsa na hagu, ya mayar cikin riga.

Hajiya ta gyaɗa kai.

"Maganarta a kan hanya take. In an tabbatar aikinka ne, zan kira lauya a gyara. Ba zan zauna da takardar ƙarya a bangona ba."

"Ba za a gyara ba, ranki ya daɗe," in ji Injiniya.

Duk suka juya. Muryarsa ta dawo daidai, gumin ma ya bushe.

"Me ka ce?"

"Na ce ba za a iya ba. Baba da kansa ya riga ya yi magana tun bara."

Ya buɗe jakar, ya zaro takarda ɗaya mai hatimi, ya ajiye a gaban Hajiya. Ta sa tabarau ta fara karantawa. Tana karantawa fuskarta tana canzawa.

"Nan an rubuta," ta ce, "cewa kai Baba ka shaida ba ka da hannu ko kaɗan a ƙirƙirar zaren nan. Aikin Injiniya ne shi kaɗai. Kuma ba za ka taɓa neman suna a kai ba, kai ko iyalinka." Ta ɗago. "Ga dangwalen yatsa. Na hagu."

"Ƙarya ne!" Shiru ta yi tsalle. "Baba bai taɓa ganin takardar nan ba! Yatsan wani ya samo!"

"Ni ma na san za a ce haka," in ji Injiniya. "Shi ya sa ban yi ba shaida ba. Ranki ya daɗe, duba ƙasa."

Hajiya ta duba. Ta dubi Shiru. Ta sake duba takardar. Sannan ta juya ta, ta tura mata a kan tebur.

"Zo ki gani."

Shiru ta matso. A ƙasan dangwalen akwai layin shaida. A kan layin akwai suna, an rubuta shi da manyan baƙaƙe a karkace, harafi ɗaya-ɗaya, irin rubutun wanda ba ya yawan riƙe biro.

Sai ta tuna. Bara ne, lokacin da Baba ya yi ciwon ƙirji. Yaya ya zo gida da rana da ledar lemo, ya zauna a kan tabarma kamar da. Ya ce kamfani zai buɗe wa tsofaffin ma'aikata katin asibiti, yau ake rufewa. Takardar da yaren ofis take, layi a cunkushe. Baba ya ce, Auta duba mini. Ta duba, ba ta gane ko layi ɗaya ba, kunya ta hana ta faɗa. Ta ce, daidai ne Baba. Ita ta kama yatsan nasa ta dangwala a tawada, ta rubuta sunanta a inda Yaya ya nuna mata. Har godiya ta yi wa Yaya a bakin ƙofa.

Ta dafa tebur.

"Yarinya," in ji Hajiya, muryarta ta koma irin ta farko, "ɗazu kin tsaya a gaban ma'aikatana kin ce aikin Babanki ne. Nan kuma wani ya sa hannu ya ce ba nasa ba ne. Ɗaya daga ciki ƙarya ce, kuma takardar 'yan sanda har yanzu tana kan teburina."



Baba ya miƙe a hankali. Ya zo ya tsaya kusa da 'yarsa, ya sunkuya a kan takardar. Bai iya karatu ba, amma akwai rubutu ɗaya a duniya da ya sani, don shi ya riƙa saya mata alli tana koyonsa a jikin bangon ɗaki.

Ya ɗora yatsa a kan sunan. Ya ɗago ya dube ta.

"Auta. Wannan ba hannunki ba ne?"